Canon 50mm f/1.8 STM: wata takwas ina ɗaukar magunana da shi a falo da daddare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda na fara nuna hotunan Toka da Duna mutane suke ta tambayata wai wace waya ce wannan, wasu kuma cewa suke na canza kyamara, to ba waya ba ce kuma kyamarar tana nan, ita ce dai tsohuwar Canon 700D ɗin da na saya ta hannu, abin da na canza lens ne kawai, wato gilashin gaban nan da ake cirewa a sa wani. Sunansa Canon EF 50mm f/1.8 STM, yanzu wata takwas kenan yana hannuna kuma kusan kullum da daddare nake aiki da shi, shi ya sa na ga ya kamata in zauna in faɗi abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi.

Toka mage ce mai ruwan toka kamar yadda sunanta ya nuna, Duna kuma muzuru ne baƙi wuluk, in ya kwanta a kan kushin ɗinmu mai duhu sai ya buɗe ido za ka san yana wurin. Kafin su mun yi wata mage da ta shekara tara a gidan nan, ranar da ta mutu 'yata ta ce Baba nuna min hotonta, na duba waya na duba memori, wallahi babu ko ɗaya mai kyau, duk dishi-dishi, wani kan ya zama biyu wani kuma idanun ne kawai suke haske kamar tocila. Abin ya tsaya min a rai sosai. Kuma duk mai kiwon mage ya san halinta, da rana tana can ƙarƙashin gado ko gindin randa tana barci saboda zafi, ni ma ina kasuwa, sai bayan magariba take fitowa ta fara wasa da tsalle-tsalle, lokacin kuma babu hasken komai sai kwan fitila ɗaya a silin, in an ɗauke wuta kuma sai fitila mai caji.

Da lens ɗin da yake zuwa da kyamara na fara, 18-55mm ɗin nan, ba wai marar kyau ba ne, da rana a tsakar gida yana yi, amma in ka zuƙo shi zuwa 55mm idonsa ba ya buɗewa ya wuce f/5.6. Ga wanda bai saba ba, wannan lambar f ɗin ita ce girman ƙofar da haske yake shiga, kuma a juye take, ƙaramar lamba babbar ƙofa. Tsakanin f/5.6 da f/1.8 hasken da yake shiga ya kusa ninki goma. Na gwada da kaina a falona ƙarƙashin kwan fitila ɗaya, ISO 3200 (ISO shi ne ƙarfin jin hasken kyamara, babbar lamba ƙarin haske), 18-55 ɗin ya ba ni shota 1/25, wato kyamara ta buɗe na kashi ɗaya cikin 25 na daƙiƙa ta ɗauki hoton, na cire na sa wannan a f/1.8 ban taɓa komai ba ya ba ni 1/250. To a nan duk maganar take. A 1/25 ko kunne Toka ta kaɗa hoton ya lalace, a 1/250 kuwa tana hamma na ɗauka na ga haƙoranta da ƙaiƙayin harshenta ɗaya bayan ɗaya. Abin da kake saye da kuɗinka kenan, saurin shota. Wasu don bayan hoto ya narke ya yi laushi suke sayensa, eh yana yin hakan kuma da kyau, amma ni ba shi ya kai ni ba.

Akwai masu ce min ai tsohon lens ɗin yana da IS, wato abin da yake hana rawar hannu, wannan kuwa babu. Gaskiya ne babu. Amma IS hannunka yake riƙe maka, ba ya riƙe mage. In dabba tana motsi babu abin da zai tsayar da ita a hoto sai shota mai sauri. Haka nan yanayin dare na waya, hotuna da yawa take ɗauka cikin daƙiƙa biyu ko uku ta haɗa su wuri ɗaya, a kan gini ko titi yana ba da mamaki amma a kan abin da yake juya kai sai ka ga ya shafe.

Shi lens ɗin kansa ɗan ƙarami ne, nauyinsa kamar giram 160, a 2015 Canon ta fito da shi kan kimanin dala 125, ya maye gurbin tsohon 50mm f/1.8 II da yake kasuwa tun 1990. A kula da wannan sosai wajen saye don sun yi kama a suna. Ni shagon farko da na shiga tsohon aka miƙo min aka ce ai duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne. Juya bayansa ka duba inda yake shiga jikin kyamara, na STM ƙarfe ne, tsohon roba ce baƙa. Na STM bakinsa 49mm, tsohon 52mm. Na STM yana iya matsowa har santimita 35 ya kama fokos, tsohon sai 45, kuma wannan santimita goman ba ƙaramin abu ba ne in kana son fuskar 'yar kyanwa ta cika hoto. Ganyen ƙofar hasken ma bakwai ne a sabon, biyar a tsohon, shi ya sa in akwai 'yan fitilu a baya sabon yake fitar da su kusan zagaye. Ban sa farashin naira ba don yana bin dala ne, abin da na biya wata takwas baya ba zai yi wa kowa amfani yau ba.

Yanzu saitin da na zauna a kai bayan wahalar gwaje-gwaje. Ina sa kyamara a M ne, wato inda ni nake zaɓar komai da hannuna, saboda hasken ɗaki ba ya canzawa kamar na waje, kwan fitilar nan da ya kunnu haka zai zauna har a kashe, to me zai sa in bar kyamara tana ta canza ra'ayi duk lokacin da baƙin muzuru ya shigo hoto ko ya fita. Shota nake fara zaɓa kafin komai. In suna barci 1/100 ko 1/125 ta isa, ba na sauka ƙasa da haka don a wannan kyamarar 50mm ɗin yana zama kamar 80mm ne, rawar hannu tana fitowa da wuri. In suna zaune suna kalle-kalle ko lasar jiki 1/200 zuwa 1/250. In kuwa wasa ne, an ɗaura fiffiken kaza a zare ana ja, to 1/500 ko sama, ƙasa da haka ƙafar gaba za ta zama hayaƙi. Bayan shota sai in buɗe ƙofa, sannan ISO ya cike abin da ya rage, ko nawa ne.

Ko nawa ne na ce, kuma da gaske nake. Na ɓata wata biyu ina jin tsoron ISO saboda kowa cewa yake kar ka wuce 800 hoto zai yi yashi-yashi, sai in zauna a 800 shota ta sauka zuwa 1/60, in tashi da hoto mai santsi amma mage ba ta fito ba. Ranar da na daure na kai 3200 na ga bambanci. Eh akwai yashi in ka zuƙo a kwamfuta, musamman a wurare masu duhu, amma ido ya fito tar, gashin baki ɗaya-ɗaya. Yashi ana rage shi daga baya, dishi-dishin motsi kuwa babu manhajar da za ta dawo maka da shi yadda yake. Kuma mu faɗi gaskiya, hoton 700D faɗinsa pixel 5184 ne, ina ake kallonsa, a WhatsApp ne da Instagram inda ake matse shi ya koma ƙarami, a nan yawancin yashin ya ɓace da kansa. A wannan kyamarar 1600 lafiya lau, 3200 shi ne wurin zamana, 6400 ina zuwa in wasa ya yi zafi, 12800 kam launi ya fara mutuwa, ba na zuwa sai in abin da yake faruwa ba zai maimaitu ba. Abu ɗaya da na lura, hoton da ya yi duhu a ISO 1600 ka zo ka ɗaga haskensa a kwamfuta ya fi yashi a kan wanda ka ba shi isasshen haske a 3200 tun farko, don haka kar ka yi wa hoto rowar haske.

Sai maganar f/1.8 ɗin kanta, a nan ne zan ja kunnen wanda zai saya. Kar ka ɗauka tunda ka biya kuɗin 1.8 dole kullum a nan za ka zauna. In kana nesa da mage kamar mita ɗaya a f/1.8, abin da zai fito tsaf bai kai santimita uku ba daga gaba zuwa baya, faɗin yatsu biyu kenan ko ƙasa. Fokos ya faɗa kan hanci ido ya tafi. Ta ɗan karkata kai ido ɗaya ya fito ɗayan ya narke. Ina da hotuna sun fi ɗari na hancin Toka tsaf-tsaf da idanu a hazo, kuma a ƙaramin allon kyamara ba za ka gane ba sai ka buɗe a babba ranka ya ɓaci. Ban da haka shi kansa lens ɗin a 1.8 yana da ɗan laushi, kuma a gefen farin gashin baki in haske ya doke shi wani lokaci za ka ga ɗan layi mai ruwan shuɗi-ja. Da ka rufe zuwa f/2.2 abin ya ragu, a f/2.8 kuwa kaifinsa har mamaki yake ba ni. To amma komai da kuɗinsa, a hasken da ya ba ni 1/250 a f/1.8, f/2.2 za ta ba ni 1/160, f/2.8 kuma 1/100. Shi ya sa yawanci a f/2 ko f/2.2 nake, in suna barci in tafi 2.8, in su biyu ne a hoto ɗaya kuma ɗaya yana gaba ɗaya yana baya ko 2.8 ba ta isa sai 4, a nan dole in ƙaro fitila. Dabarar da ta fi taimaka min ita ce in ja baya kaɗan, a mita ɗaya da rabi zurfin ya kai wajen santimita shida ko a 1.8, daga baya in yanke gefen hoton.

Fokos. Ɗigo tara kyamarar take da su, na kashe zaɓin kai-tsaye na bar na tsakiya kawai, don in ka bar mata zaɓi abin da ya fi kusa take kamawa, hannun kushin ko tafin ƙafa. Kuma ɗigon tsakiyar nan yana ƙara daidaito in lens ya kai f/2.8 ko ya fi haka buɗewa, wato da 18-55 ɗina ban ma taɓa cin moriyar wannan ba. In suna zaune One Shot, wato fokos ya kama sau ɗaya ya tsaya, in suna motsi AI Servo mai bin abin da yake motsi, tare da ɗauka a jere, tana yin biyar a daƙiƙa, cikin biyar ɗin in Allah ya taimaka biyu za su yi. Saurin fokos ɗin lens ɗin matsakaici ne, mage mai tahowa wajenka a guje a hasken kwan fitila ɗaya ba zai bi ta ba, na gwada na gaji, amma mai tafiya a hankali ko mai dukan zare a wuri ɗaya yana kamawa. Duna ne matsala. Baƙin gashi babu inda fokos zai riƙe, sai ka ji lens yana ta kai da komo. Abin da nake yi in ɗora ɗigon a daidai bakin idonsa inda rawaya ta haɗu da baƙi, nan take yake kamawa. Ƙarar motarsa kaɗan ce, ɗan zzz haka, ranar farko Toka ta juyo da kunne tana saurare, bayan kwana biyu ta daina kulawa.

Akwai wani abu da ya kamata ka kashe tun ranar farko, hasken taimakon fokos. A irin waɗannan kyamarorin in filash ɗin sama yana ɗage kuma wuri ya yi duhu, walƙiya yake yi far-far-far kafin ya ɗauka don ya ga inda zai kama. Ban san da shi ba na bar shi a kunne, Duna ya zabura ya shige bayan firji, kwana biyu in ya gan ni da kyamara sai ya bar ɗakin, na ji ba daɗi ƙwarai don dabba ba ta san me kake nufi ba, tsoro kawai ta ji. Yana cikin Custom Functions, ka shiga ka kashe, ka kashe ƙarar ƙit-ƙit ɗin fokos ma. Shi filash ɗin kansa ba na amfani da shi sam. A bayan idon mage akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske kamar madubi, shi yake sa take gani da daddare fiye da mu, kuma shi yake sa idonta ya zama kore fau in filash ya doke shi kai tsaye, gyaran jan ido na manhaja ba ya yi masa komai. In ka daina amfani da filash kuwa sai ka samu kyautar da hasken dare yake bayarwa, baƙin idon mage yana buɗewa ya zama zagaye babba, fuskar ta yi taushi, ba irin siririn layin nan na tsakar rana ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa jin wani ya yi min bayaninsa ba sai da na sha wuya, kuma ya shafe mu nan musamman. Na ɗauki hoto biyar a jere saiti ɗaya, na duba na ga ɗaya da haske, ɗaya ya yi duhu, ɗaya rabinsa rawaya rabinsa fari, har na fara zargin lens ɗin ko kyamarar ce ta fara lalacewa. Ashe fitila ce. Wutar Najeriya da Nijar 50Hz ce, doguwar fitilar nan ta tsiya da ƙananan kwan LED masu araha suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma shota mai sauri tana gani, in ka sa 1/250 ko 1/500 wani hoton zai faɗa lokacin da fitilar take sama wani lokacin da take ƙasa. A 1/100 ko 1/50 abin yana daidaita don shota ta ɗauki ƙiftawa cikakkiya. Masu koyarwa a YouTube da yawa daga Amurka suke inda wutarsu 60Hz ce, shi ya sa za ka ji suna cewa 1/60 ko 1/125, mu ba lambarmu ba ce. In janareta ne ƙarami kuma ya fi muni don shi gudunsa ba ya zama wuri ɗaya, an kunna firji ya ja ƙasa an kashe ya hau. Canon ta fara sa maganin wannan a 7D Mark II a 2014, kyamara ta jira lokacin da fitila ta cika haske sannan ta ɗauka, 750D ma tana da shi, tawa babu. To ka ga an shiga tsaka mai wuya, mage tana son 1/500 fitila tana son 1/100.

Mafitar da na samu ba ta da tsada. Fitila mai caji ko ta sola, wadda take cin wuta daga batir kai tsaye, yawancinsu ba sa wannan ƙiftawar in ka sa su a cikakken haske, in ka rage hasken ne wasu suke farawa. Kuma kwan LED ma ba duka ba ne, akwai masu kyau da ba sa yi. Gwajin mai sauƙi ne, sa shota 1/1000 ka ɗauki farin bango sau shida a jere, in duk sun fito iri ɗaya fitilar ta yi, in sun bambanta ka san halinta. Da na gwada fitilun gidanmu na falo ya faɗi, na kicin ya ci, sai kawai na musanya su. Abin mamaki yanzu hotunan da na fi so da yawa ranar da aka ɗauke wuta na ɗauke su, da fitila mai caji guda biyu.

Yadda nake ajiye fitilar ma yana da muhimmanci fiye da yadda na zata. Kwan silin daga sama yake zubo haske, goshin mage ya yi haske idanu su shiga inuwa, babu ɗan ƙyallin nan a ido da yake sa hoto ya yi rai. Sai nake ɗaukar fitila mai caji in ajiye ta a kan ƙaramin tebur daga gefe, kamar tsayin gwiwa, in juya ta ta kalli bango ko farin zanin gado da na rataya a kujera, hasken ya dawo a tausashe, ba na haska musu ido kai tsaye. Ga Duna wannan ne kaɗai hanyar da gashinsa yake fitowa da sheƙi, in ba haka ba baƙin tabo ne kawai da ido biyu. Sannan in sauka ƙasa, in kwanta rub da ciki a kan leda kyamara daidai idonsu, hoton mage daga tsaye ƙeya da gadon baya kawai yake nunawa. Allon 700D yana juyawa, in suna barci ina ajiye kyamarar a ƙasa in ɗago allon in taɓa ido da yatsa, amma fokos ta allo a wannan kyamarar yana da nawa sosai, in suna motsi sai ta ƙaramar tagar ido.

Launi kuma, kar ka haɗa fitila iri biyu. A ma'aunin launin haske kwan mai ruwan ɗorawa wajen 2700K yake, farin nan mai kama da rana wajen 6500K, in duka suna kunne gefen Toka ɗaya zai yi ja ɗaya shuɗi kuma babu saitin da zai gyara duka biyun lokaci ɗaya. Kashe ɗaya. Talabijin ma a kashe, tana watsa shuɗi tana canzawa. AWB, wato kyamara ta daidaita launi da kanta, yana ƙoƙari amma ƙarƙashin jan kwan yana barin hoton da ɗorawa da yawa, tokar Toka ta koma ruwan ƙasa. Abin da nake yi in ɗauki farar takarda a daidai inda magen take kwanciya in sa ta a Custom White Balance, minti ɗaya ne. Kuma ina ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, yana cin memori amma launi kana gyara shi daga baya ba tare da hoton ya lalace ba, manhajar Canon ta Digital Photo Professional kyauta ce kuma tana rage yashi daidai gwargwado, mai Lightroom kuma akwai Denoise da suka ƙara a 2023, wani abokina ya gwada min a hoton ISO 6400 na ga ya yi kyau ƙwarai sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi.

In ba ka son M ka fi son Av ko Tv, inda kai za ka zaɓi ƙofa ko shota kyamara ta cike sauran, to ka tuna kyamara tana son mayar da komai tsaka-tsaki ne, baƙin muzuru ya cika hoto za ta ƙara haske ya koma toka-toka, a Av shota kuma ta sauka, sai ka rage mata kamar -2/3 ko -1, farar mage kuma ka ƙara.

Babban aibin lens ɗin a wajena ba fokos ba ne ba kuma rashin IS ba, ƙunci ne. A kyamara irin tawa 50mm yana matso da abu sosai kuma ba ya zuƙowa ba ya ja baya, ƙafarka ce zum ɗinka. Falona ba babba ba ne, in ina son mage gaba ɗayanta daga kai har jela sai na kai bango, in kuma ta zo ta hau cinyata shikenan babu hoto. Hoton 'yata tana riƙe da Toka sai da na fita na tsaya a bakin ƙofa. Mai ɗaki ɗaya ya yi tunani sosai kafin ya saya, wataƙila EF-S 24mm f/2.8 STM ya fi dacewa da shi, yana da faɗi kuma siriri ne, amma ka sani f/2.8 hasken da take sha bai kai rabin na f/1.8 ba, ɗaki kake samu ka ba da haske. Sauran ƙananan abubuwa, ba ya zuwa da hular kare haske sai ka saya daban, ES-68 sunanta, zoben fokos na hannu ba ya aiki sai kyamara tana kunne, kuma hancinsa yana fitowa waje in ya kama abu na kusa, in ka kashe a haka a waje zai zauna, don haka ina kallon abu mai nisa da shi ya koma ciki kafin in kashe in sa a jaka. Ba a yi masa kariyar ƙura ba, da hunturu a jaka mai zif yake kwana, kuma na sa masa filta 49mm saboda Toka tana son kawo hanci ta shinshina gilashin.

Wanda zai saya na hannu ya tafi da kyamararsa shagon. Haska tocilar waya ta bayan gilashin ka leƙa, 'yar ƙura ba komai, amma in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki ka ajiye musu, fumfuna ce. Ɗauki rubutun kwali a f/1.8 daga mita ɗaya ka zuƙo ka ga ko fokos ya faɗa inda ka sa. Ka duba kuma EF ne a rubuce ba RF ba, akwai RF 50mm f/1.8 STM da ya fito a 2020, shi na kyamarori marasa madubi ne ba zai shiga 700D ko 2000D ko 250D ba, amma EF yana hawa kan marasa madubin nan na Canon R in ka sa adafta. Masu Nikon naku shi ne AF-S 50mm f/1.8G, kar a ba ku tsohon mai D in kyamararku irin D3200 ko D5300 ce, zai shiga amma ba zai yi fokos da kansa ba.

Ni dai in an ce in sake saye zan sake, ba tare da dogon tunani ba. Watan jiya Toka ta haihu a cikin kwali bayan kujera, 'ya'ya uku, inda ko hasken silin ba ya kaiwa. Ban matsa musu ba sai da suka yi kwana goma idanunsu suka fara buɗewa, na ajiye fitila mai caji tana kallon bango daga nesa, na kwanta a ƙasa wajen mita ɗaya da rabi, f/2, 1/160, ISO 3200, ɗigon tsakiya a kan idon uwar. Na ɗauki wajen talatin, huɗu suka yi, a ɗaya tana lasar kan ƙaramin cikinsu ido a lumshe, wani ɗan nata kuma ya ɗora tafinsa a kan hancinta. Wannan hoton na kai aka wanke min a babbar takarda, yashin yana nan kaɗan a cikin inuwar kwalin in ka matso, 'yata ta karɓa ta manna shi a bangon ɗakinsu kusa da gado.